Hoton jaririya a cikin jego: yadda aka yi a wani gida a Agege

Gidan yana Agege, ɓangaren Zango, inda Hausawa suka yi kaka-gida tun zamanin da fataken goro ke loda kaya a jirgin ƙasa zuwa Arewa. Maigidan yana sayar da wayoyi a Ikeja. Matarsa Bakatsiniya ce, aure ya kawo ta Legas, kuma wannan ne cikinta na fari. Ni maƙwabciyarsu ce, ma'aikaciyar jinya, kuma ni na riƙa yin tafinta tsakanin kakar jaririyar da mai ɗaukar hoton, shi ya sa na san lamarin ciki da bai. Da izininsu nake rubuta shi, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunan kowa ba.

Cikin yana wata bakwai matar ta fara ganin irin hotunan nan a Instagram: jariri a naɗe cikin shawul, an kwantar da shi a kwando, ko ya tallafe haɓa da hannuwa biyu yana barci. Salon ba namu ba ne. Wata mai ɗaukar hoto 'yar Ostireliya, Anne Geddes, ita ta yi fice da shi a shekarun 1990, tana sa jarirai a cikin tukwanen fure, daga nan ya bazu har ya zama sana'a mai zaman kanta. A Legas yanzu akwai masu situdiyo da wannan ne kaɗai aikinsu. Matar ta samu wata a Lekki, Bayarabiya, aikinta ya burge ta, ta nuna wa mijin, ya amince. Aka biya rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami. Sharaɗin shi ne kuɗin ba ya dawowa, amma ana iya ɗaga rana.

Mai hoton ta turo musu bayani ta WhatsApp. A sanar da ita da zarar an haihu. A kawo jaririya tsakanin kwana 5 zuwa 14. A yi shirin zaman awa uku ko huɗu. A hana ta barci kafin a taso, a kuma jinkirta shayarwa sai an iso. Iyaye su sa tufafi masu launi ɗaya marasa ado, uban kuma zai tuɓe riga a wasu hotunan.

Kwanakin nan da ta ƙayyade suna da dalili. A makonni biyu na farko jariri yana barci mai nauyi, jikinsa kuma bai daina naɗewa yadda yake a ciki ba, don haka ana iya juya shi ba tare da ya farka ba. Daga mako na uku ƙurajen fuska kan fara fitowa, kukan yamma ya ƙaru, barci ya yi sauƙin katsewa. Abin da mai hoton ba ta sani ba, ma'auratan kuma ba su yi tunaninsa ba da ciki yana wata bakwai, shi ne waɗannan kwanaki su ne mafi cika a gidan Bahaushe. A cikinsu ake karɓar 'yan barka, a yi suna, a yanka rago, a yi aski, a soya nama a raba. A cikinsu kuma mai jego ba ta taka ƙofar gida.

Haihuwa, shawara, suna

An haihu ranar wata Talata a watan Yuni, damina ta kankama. Naƙuda ta yi tsawo, aka yi wa uwar aiki, aka ciro 'ya mace lafiyayyiya, mai gashi baƙi wuluk. Bisa al'ada haihuwar fari a gida ake yin ta, ko aƙalla a je wankan gida, amma tafiyar yini da kwana a mota ba ta mai tsohon ciki ba ce, balle mai ɗinki. Saboda haka mahaifiyarta, wadda zan riƙa kira Hajiya, ita ta taso daga Katsina, ta iso washegarin haihuwa da garin kunu da kanwa da yajin jego.

An sallame su ranar Juma'a. Ranar Asabar da safe na shiga gaishe su, na ɗauki jaririyar na kai ta bakin taga. Farin idonta ya yi rawaya, na danna goshinta da yatsa na ɗaga, wurin ya nuna ɗorawa. Shawara ce. Jarirai da yawa suna yin ta tsakanin kwana na biyu da na biyar, mafi yawanci kuma tana wucewa da kanta, amma ido ba ya iya bambance mai wucewa da mai taɓa ƙwaƙwalwa, musamman a fatar da ba fara ba. Gwajin jini ne ke bambancewa. Aka koma asibiti a ranar, aka auna, aka ce sai an sa ta ƙarƙashin fitilar nan mai shuɗin haske. Ranar Litinin aka sallamo su, ana gobe suna.

Na tsaya a kan wannan ne domin ya taɓa maganar hoto ta fuska biyu. Ta farko, da ana zancen a waya, mai hoton ta ce kada a damu, launin ɗorawa abu ne da take gogewa a kwamfuta. Gaskiya ta faɗa game da aikinta, amma magana ce mai haɗari a kunnen iyayen da ke neman hanyar kauce wa komawa asibiti. Ta biyu, da muka buɗe akwatin kayan jaririyar, wanda aka daɗe da haɗawa, ciki har da rigunan da aka tanada don hoto, sai ga ƙwayoyin kafur an zuba don kyankyasai. A ƙasar nan akwai yara da yawa da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, kuma kafur yana iya farfasa musu jini ya jawo shawara mai tsanani. Aka kwashe shi, aka sake wanke kayan kaf, aka shanya a rana.

Ranar Talata aka yi suna. Aka raɗa mata sunan mahaifiyar ubanta, aka yanka rago, wanzami ya zo ya yi aski. Gashin nan da uwar ta so a ɗauka a hoto ya tafi a ranar. Ta yi shiru, amma na ga abin ya sosa mata rai. Wannan shi ne abu ɗaya da aka rasa ba dawowa, kuma ba domin komai ba sai domin ba a lissafa shi tun farko ba. Duk mai son hoton jariri da gashin haihuwa, a gidan da ake aski ranar suna, kwana shida kawai yake da su, kuma su ne kwanakin da uwa ta fi jin jiki. Abin da ya rage musu shi ne 'yan hotunan da uban ya ɗauka da waya a asibiti.

Maganar zuwa Lekki

Washegarin suna mai hoton ta ba da ranar Juma'a, ƙarfe goma na safe, a situdiyo. A nan ne Hajiya ta fara jin labarin gaba ɗaya, domin ba wanda ya gaya mata kafin nan. Ta dubi 'yarta ta ce, "Ke yanzu da ɗanyen jiki, da ɗinki a cikinki, za ki ɗauki 'yar kwana goma ki ratsa Ikko saboda hoto? Ba da ni ba." 'Yar ta ce, "Inna, an riga an biya kuɗi." Hajiya ta ce kuɗin su tafi.

Mijin bai iya musu da suruka, don haka ta wurina ya biyo. Ya ce, "Sista, ke kin san aikin, ki duba mana. In babu matsala a lallashi Hajiya." Ina jin ya ɗauka zan goyi bayansa tunda ni 'yar boko ce. Na gaya masa Hajiya ce ke da gaskiya, ko da kuwa dalilinta da nawa ba ɗaya ba ne. Ita tana maganar arba'in, da iska, da bakin mutane. Ni ina lissafin hanya. Daga Agege sai an bi ta Ikeja ko Oshodi, a hau gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, a ratsa Ikoyi kafin a shiga Lekki. Ranar aiki, da safe, ga ruwan Yuni, tafiyar na iya cin awa biyu ko fiye, dawowa da yamma kuma ta fi muni. A haɗa da zaman situdiyo, yini guda ne cur. Jaririyar da ke shan nono duk bayan awa biyu ko uku, wadda aka sallamo daga asibiti kwana huɗu da suka wuce, za ta yi wannan yinin a gosulo. Ba su da kujerar jarirai ta mota, a cinya za a riƙe ta. Uwar kuma matar da aka yanka ce kwana goma baya, tashi daga kujera ma sai ta dafa.

Akwai kuma maganar rigakafi. Abin da aka yi wa jaririyar a asibiti shi ne allurar BCG ta tarin fuka, da ɗigon shan inna, da allurar ciwon hanta. Sauran sai ta cika mako shida. Situdiyo wuri ne da jarirai ke shiga suna fita, a kwantar da wannan inda aka ɗauke wancan. Mai tsabta tana wanke komai tsakanin zama da zama, amma iyaye ba su da hanyar tabbatarwa sai sun tambaya, kuma da yawa kunya take hana su. Jaririn da bai kai wata uku ba, in zafin jikinsa ya kai digiri 38, ba a jira gari ya waye, asibiti ake nufa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne da za a saya da kuɗin hoto.

Na kira mai hoton na yi mata bayani. Ban same ta da taurin kai ba. Ta ce tana zuwa gida, sai dai akwai ƙarin kuɗin mota da na mataimakiyarta, kuma ba za ta iya kwaso manyan fitilu da dukan kayan ado ba. Aka tsayar da Lahadi da safe, kwana 12 da haihuwa: hanya a sake take, maigida yana gida, 'yan suna sun watse. Hajiya ta ce in dai a ɗaki ne, kuma tana zaune, ba ta hana ba.

Abubuwan da aka daidaita kafin ranar

Kwanaki huɗun da suka rage, yawancin shirin magana ce. Sayayya kusan babu. Na nemi mai hoton ta turo samfurin duk irin kwanciyar da take niyyar yi, muka zauna da uwar da Hajiya muna dubawa ɗaya bayan ɗaya a waya.

Na tsiraici aka fara cirewa. A wannan sana'a an saba tuɓe jariri tik, a naɗe ƙafafunsa yadda za su rufe gabansa. Hajiya ta ce jikarta ba za a ɗauke ta haka ba, uban ma da ya ji ya ce a'a. Ina tare da su. Hoto yana daɗewa fiye da yadda ake zato, yana kuma zuwa inda ba a aike shi ba, yarinyar nan kuwa wata rana budurwa ce. Aka yarda a kan naɗi da shawul, da riga, da famfas a ƙarƙashi koyaushe.

Sai wanda uwar ta fi so, na tallafe haɓa. Mutane da yawa ba su san cewa wannan hoton haɗi ne ba. Jaririn kwana goma wuyansa ba ya ɗaukar kansa. Masu aikin da suka san abin da suke yi hoto biyu suke ɗauka: ɗaya wani ya riƙe kan ta sama, ɗaya ya riƙe hannuwan ta ƙasa, sannan a haɗe su a kwamfuta a goge hannun babba. Haka na lilo da na rataye a zane, a ƙasa ake yin su, a kan katifa, sauran duk aikin kwamfuta ne. Wanda ya koya daga kallon hoto kawai yakan ɗauka da gaske ake sakin jaririn, a nan ne ake samun kai ya faɗi gaba ya danne hanyar numfashi. Na tambayi mai hoton kai tsaye yadda take yi, ta ce haɗawa take yi, hannu ba ya barin jariri. Amsar ta gamsar da ni. Duk da haka uwar, da ta ji bayanin, ta ce a bar shi. Wannan tambayar ita ce ya kamata a yi tun kafin a biya sisi, kuma duk mai hoton da ya ji haushinta bai cancanci a miƙa masa jariri ba.

Umarnin hana barci da jinkirta nono kuwa, ni na soke shi da kaina. Dabarar ita ce jariri ya iso a gajiye da yunwa, ya sha ya ƙoshi ya yi barci mai nauyi. Ga jaririyar da ke murmurewa daga shawara, yawan shan nono yana cikin maganinta, domin ta kashi abin ke fita. Sau takwas zuwa goma sha biyu a yini, duk lokacin da ta nema. Aka ce za a shayar da ita yadda aka saba, in mai hoto ta iso a ƙara mata. Na kuma ja kunne a kan zuma, domin wata 'yar barka ta ba da shawarar a lasa mata a baki ta yi shiru. Ba a ba yaron da bai shekara ba zuma, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne kwalli. Hajiya ta zo da tandunta, kuma a wurinta jaririyar da ba a ja wa kwalli a ido da gira ba ba ta yi kwalliya ba. Ta ce, "Mu duk da shi aka raine mu, 'yar nan, ga mu muna gani garau." Na ce, "Hajiya, ba makanta nake tsoro ba." Kwallin dutse mai ƙyallin nan yawancinsa dalma ne, dalma kuma tana shiga jikin yaro ta hawaye da ta hannun da yake murza ido ya kai baki, ta taɓa ƙwaƙwalwa a hankali ba tare da an ga alama ba. Ba ta yarda da ni a ranar ba. Abin da ya raba gardamar shi ne 'yarta, wadda ta ce ita dai a bar mata idon 'yarta haka. Lalle ma an ce uwa ta yi abinta, amma kada a ɗiga wa jaririyar, domin shi ma yana cikin abubuwan da ke tayar da shawara ga masu ƙarancin sinadarin nan na G6PD. Hudar kunne aka ɗaga zuwa bayan hoto, kada a zo da kunne a kumbure.

Akwai abin da mai hoton ta kasa ganewa sai da na maimaita mata: kunyar ɗan fari. Tana son uwa ta rungume jaririya ta sumbace ta, uba ya tsaya a bayansu ya dafa kafaɗar matarsa. A gidan Bahaushe uwa ba ta nuna ɗokin ɗan fari a gaban manya, wata ko sunansa ba ta faɗa. Yaran yanzu sun sassauta, amma ba a gaban uwa ba, kuma ba namijin da zai tuɓe riga ya rungumi matarsa surukarsa na kallo. Tuɓe riga aka soke. Sauran kuma ban san yadda za a yi ba, na bar shi sai ranar.

Kayan ado ba a sayi komai ba. Tunda mai hoton ba za ta kwaso nata duka ba, sai aka duba gida. Akwai zanen saƙi da Hajiya ta goyi 'yarta da shi, ta zo da shi don jika. Akwai babbar ƙwarya, da faifai, da tabarmar kaba. Mai hoton da ta ga hotunansu a waya ta yi murna, ta ce ba ta taɓa aiki da irinsu ba. Aka wanke zanen da sabulu marar ƙamshi, aka goge ƙwaryar aka duba bakinta ko akwai tsagewa. Shawul ɗin da za ta kawo kuma na roƙa ta wanke ta zo da su a leda a ɗaure.

Ranar Lahadi

Falon gidan ne ke da babbar taga, don haka aka janye kujeru aka share tun daren Asabar. An ce kada a kunna turaren wuta a ranar, abin da ya yi wa Hajiya wuya, domin ɗakin mai jego ba ya rabuwa da shi, amma hayaƙi yana sa jariri tari yana kuma dusashe hoto. Janareta aka ja shi can bayan gida nesa da taga. Wankan uwar aka yi shi da sassafe, da ruwa mai ɗumi, ba a taɓa wurin ɗinki ba, ta sha kunu ta karya kafin baƙi su iso. Jaririyar aka goge mata jiki. Cibiyarta ta faɗi kwana biyu kafin nan, wurin ya bushe, da ma man chlorhexidine da aka ba su a asibiti ake shafawa, ba a gasa ta da tsumma ba. Da ba ta faɗi ba, da sai a guji duk kwanciyar rub da ciki.

A bayanin da mai hoton ta turo har da cewa a ɗumama ɗaki. Wannan shawara ce ta ƙasashen sanyi, inda sai an kunna na'urar ɗumi kafin a tuɓe jariri. Abin da ake nema shi ne ɗaki ya kai kamar digiri 26 zuwa 28, a Legas kuwa haka ɗaki yake da kansa. Kashe na'urar sanyi kawai aka yi, aka juyar da fanka ta kalli bango. Haɗarin a nan ma na zafi ne: jaririya a naɗe cikin shawul biyu, ga hula. Na riƙa sa yatsa a bayan wuyanta, in na ji gumi a sassauta.

Sun iso wajen ƙarfe tara, ita da mataimakiyarta. Suka cire takalma, suka wanke hannu da sabulu, suka gaida Hajiya har ƙasa irin ta Yarabawa, wannan kuwa ya saye zuciyar tsohuwar fiye da duk bayanin da na yi kwana huɗu ina yi. Aka rufe ƙofa, aka sa wata yarinya ta riƙa cewa masu zuwa barka su dawo bayan azahar. Wata maƙwabciya mai mura ta so shiga, aka ba ta haƙuri.

Awa ta farko ba a ɗauki komai ba. Jaririyar ta sha nono, ta yi gyatsa, ta ɓata famfas, aka canza, ta sake nema. Uban ya fara duba agogo. Mai hoton ko a jikinta, ta ce haka aikin yake, rabinsa jira ne. Da barci ya ɗauke ta, aka naɗe ta aka fara da kwanciyar rigingine a kan zanen saƙi. Nepa ta ɗauke wuta ana tsaka da aiki, ba wanda ya motsa, domin da hasken taga ake yi da wani faifan azurfa mai mayar da haske. Na ƙwarya an sa dutsen niƙa ƙarami a gindinta kada ta kife, aka cika da tawul, aka ɗora jaririyar kanta a sama haɓarta ba ta taɓa ƙirji ba, mataimakiyar na tsugune hannunta na dab da ita. Bai fi minti biyu ba aka ɗauke ta. An gwada kwantar da ita a gefe, ta murtuke fuska ta fara kuka, mai hoton ta ce a bar wannan, ba ta so. Ban ga ta sake gwadawa ba, kuma a nan na tabbatar ta iya aikinta.

Da aka zo na iyaye sai kowa ya yi tsuru. Hajiya ce ta warware shi ba tare da an roƙe ta ba. Ta miƙe ta ce, "Bari in duba ruwan zafin nan," ta shige kicin ta jawo ƙofa, ta kuma daɗe. Babu wani ruwa a wuta. A wannan tsakanin aka ɗauki uwa da 'yarta, da uba cikin farar shadda yana riƙe da ita, da su ukun tare. Da ta fito mai hoton ta roƙa a ɗauke ta ita ma. Ta ce ita ba ta hoto, me za a yi da tsohuwa. Aka ce to hannunta kawai. Ta karɓi jaririyar tana cewa, "Zo nan kishiyata, kin zo kin ƙwace mini miji ko?" Daga baya ta gyara mayafi ta ce a ɗauka duka. Kafin azahar an gama.

Bayan an ɗauka

Bayan mako biyu aka turo samfuri don a zaɓa. A nan wata matsala ta ɓullo. An haskaka fatar jaririyar sosai, har ta fi yadda take a ranar haihuwa, an kuma goge saɓar da fatarta ke yi a hannu da ƙafa, da ɗan tabon allurar asibiti a bayan hannunta. Uwar ta ce ita wannan ba 'yarta ba ce. Mai hoton ta ce yawancin masu zuwa wurinta haka suke nema, shi ya sa ta saba. Wannan ya dame ni ƙwarai, cewa tun yaro yana kwana goma sha biyu an fara gyara masa launi. Aka ce ta mayar da fatar yadda take. Saɓar aka yarda a rage, tabon allurar kuma uban ya ce a bar shi.

Sai maganar sakawa a intanet. A takardar da aka amince da ita tun ciki yana wata bakwai akwai layin da ya ba mai hoton damar yin talla da hotunan, ba wanda ya lura da shi. Uban bai so fuskar 'yarsa ta fita ba, Hajiya kuma da ma tana tsoron kambun baka. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce bayanan yaro sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa, kuma wanda ya ba da yarda yana iya janyewa. Amma ba a kai ga ambaton doka ba. An yi magana cikin mutunci, aka tsaya a kan hoto biyu da za ta iya sakawa: na ƙafafun jaririyar a tafin hannun kakarta, da na ƙwaryar daga baya inda fuska ba ta fito ba, kuma ba suna, ba unguwa. Aka rubuta haka a WhatsApp kowa ya amsa. 'Yan uwa da aka tura wa sauran an roƙe su kada su ɗora a shafukansu. Wata ƙanwar uban ta ɗora, aka kira ta ta cire.

A cikin kuɗin da aka biya har da babban hoto ɗaya a firam na ratayewa a bango. Mahaifin maigidan, da ya ji, ya aiko cewa shi bai son a rataye hoton mai rai a ɗakin da ake salla. Malamai sun saɓa a kan hoton kyamara, maigidan kuma bai ga dalilin jayayya da mahaifinsa a kan wannan ba. Ya tambayi mai hoton ko za a iya musanya firam ɗin, ta ce za ta buga musu ƙaramin kundi biyu a madadinsa, da ɗan ciko kaɗan. Ɗaya yana gidan, ɗayan Hajiya ta tafi da shi Katsina bayan an yi arba'in, a makon da aka kai jaririyar rigakafin mako shida.